Talata, da ledar rasitan Alhaji

Na shiga ofis da nishaɗina, wuta ba ta ɗauke ba, Oga kuma ya tafi Abuja. Ko shayi ban gama ba sai ga Alhaji da baƙar leda cike da rasitai.

Jibi ne fa zamanmu na share fage, wanda ake yi a kotu kafin a fara jin shaidu. Mai gidan ya maka shi a kotu kan kuɗin hayar shago, mu kuma muka mayar da ƙarar martani kan gyaran rufin da ya yi da kuɗinsa. Yau ya tuno da kuɗin tayil, da wayoyin wuta, da atamfofin da ruwan sama ya lalata.

"Barista, ai takarda ce, goge adadin ka rubuta sabo."

Na ce Alhaji, ranka ya daɗe, ta riga ta shiga fayil ɗin kotu. Sai mun rubuta roƙon izinin gyara, da takardar rantsuwa, da hujjojinmu a rubuce, mu maƙala gyararriyar ƙarar, mu kai wa ɗaya ɓangaren. Bayanin shaidarka ma sai ka sake rantsewa a kan sabo, a kuma ƙara kuɗin shigarwa tunda adadin ya hau. Tun da Legas ta fara tsarin zuba komai a gaban kotu tun farko a 2004, Kano ma ta bi sahu da dokokinta na 2014, an daina ɓoye takarda a aljihu sai ranar shaida. Abin da ba ka rubuta ba, ko ka zo da rasitinsa alƙali ba zai kalla ba. Balle asarar atamfa, wadda sai an lissafa ta turmi-turmi an kuma tabbatar da kowanne.

Ya ce to mu bari sai an fara shari'a. Na ce yanzu ne gyara ke da sauƙi. Da zarar an fara jin shaidu, ɗaya ɓangaren zai ce mun shammace shi, kotu kuma ba ta son gyaran da zai cutar da abokin shari'a ta yadda kuɗin ɓata lokaci ba zai wanke ba. Na ƙara masa da abin da na zaci zai faranta masa: ƙarar martani tsaye take da ƙafarta, ko mai gidan ya janye tasa, tamu na nan.

Ya yi shiru yana ɗaure bakin leda. Can ya ce, "Wancan zaman na ga kuna ta dariya da lauyansu a gindin bishiya."

Bai ƙara komai ba. Ni ma ban ce komai ba.

Wannan maganar ce ta tsaya mini a wuya har yanzu. Ajinmu ɗaya da mutumin a makarantar lauyoyi. Kuma gaisuwar nan da Alhaji ke zargi ita ce za ta sa in na kira shi gobe ya ce ba ya jayayya da gyaran, a ba shi ɗan abin ɓata lokaci kawai, ya gyara amsarsa. In ba haka ba sai ya shigo da takardar suka, a ɗage zama, Alhaji ya yi wata biyu yana kirana da asuba. Yaya zan fahimtar da mutum cewa dariyar da ya gani ce ke rage masa jira? A wurinsa lauyan kirki shi ne wanda ke ɗaure wa abokin aiki fuska.

Sitam ɗin NBA, ƙungiyar lauyoyi, ya kusa ƙarewa a ofis. Firinta ta cinye shafi na bakwai.

Maman yara ta yi dambu, na ci kaɗan. Ta ce in bar Alhaji da halinsa, ɗan kasuwa ne, kowa mai haɗa baki ne a idonsa.

Rabin rasitan babu kwanan wata, ɗaya kuma da sunan ƙaninsa aka rubuta. Gobe da safe zan kira Alhaji, kafin in kira wancan lauyan.