Yawan jirage ba shi ne sauka a gaɓa ba

Duk wanda ya san kasuwar Dawanau ya san yawan tireloli a bakin ƙofa ba ya nuna buhu nawa zai shiga sito kafin magariba. 'Yan dako da faɗin hanya ke yanke wannan. Da wannan idon na koyi auna rundunar sojan ruwan da ake cewa za ta iya sauke dakaru a gaɓar abokan gaba.

Ka ajiye manyan jiragen yaƙi gefe tukuna, ka ƙirga masu kai soja da tanka har kan yashi. A Nomandi, gaɓar Faransa, a Yaƙin Duniya na Biyu, ranar 6 ga Yuni 1944, cikin jiragen ruwa kusan 7,000, fiye da 4,000 na sauke dakaru ne, shi ya sa mutum sama da 130,000 suka taka tudu a yini guda. Sai ka cire waɗanda ke wurin gyara, ka lissafa sawu nawa sauran za su yi. Sawun farko shi ne magana, don shi ke shan wuta kafin agaji ya iso.

Inda mu 'yan tudu muke tuntuɓe shi ne teku kanta. Ruwan Tiga ba ya cikowa ya janye kullum, na teku yana yi. A Tarawa, tsibirai a tekun Fasifik, cikin Nuwamban 1943, ruwa bai ciko yadda aka zata ba, ƙananan jiragen Amurka suka maƙale a kan duwatsun murjani, sojoji suka ratsa ɗaruruwan mitoci a ƙafa, ruwa iya ƙirji, ana yi musu ruwan harsashi. A Diyef kuwa, wani gari a gaɓar Faransa, a 1942, tsakuwar bakin teku ce ta tsinka sarƙar tankoki.

Sannan ka tambayi gobe: mai, harsashi, ruwan sha, kwashe masu rauni, da wanda ke riƙe da sama. A yaƙin tsibiran Fokland na 1982 tsakanin Birtaniya da Ajantina, makami mai linzami ya ƙona jirgin dakon kaya Atlantic Conveyor da jirage masu saukar ungulu a cikinsa, sojojin Birtaniya suka koma tafiyar ƙafa ta kusan kilomita 90.

Mu ma mun taɓa: an sauke dakarun Benjamin Adekunle a tsibirin Boni a Yulin 1967, lokacin yaƙin basasar Najeriya. Yanzu akwai NNS Kada, jirgin sauke dakaru na sojan ruwan Najeriya, wanda ya iso a 2022. Jirgi ne mai amfani, amma ranar da ya shiga gyara, lissafin sawun farko sai an sake shi daga tushe.