Ma'anar "turn state's evidence" da yadda ake amfani da ita

Duk mai bin labaran kotunan Amurka zai riƙa cin karo da "turn state's evidence". Ana faɗin haka idan wanda ake tuhuma ya juya ya ba da shaida a kan waɗanda suka yi laifin tare, don a sassauta masa hukunci ko a janye tuhumar. Dole sai yana da hannu a laifin. Maƙwabcin da ya hango fashi ta taga, ya je kotu ya faɗi abin da ya gani, ba a ce masa haka. Shi "testify against" kawai ya yi, wato ba da shaida a kan wani, kuma nan ne masu koyon Turanci suka fi yin tuntuɓe.

"State" a nan na nufin gwamnati mai gabatar da ƙara, ta jiha ce ko ta tarayya. A Ingila kuwa da sunan sarauta ake gurfanar da mai laifi, shi ya sa suke cewa "turn King's evidence". Kafin rasuwar Sarauniya Elizabeth ta Biyu a Satumban 2022, "Queen's evidence" ake cewa.

Wajen haɗa jimla, "turn" ne kaɗai ke sauyawa da lokaci: "He turned state's evidence against his boss." Ba a sa "a" ko "the" kafin "state's", ba a kuma jefar da 's ɗin. "Turn in evidence" wata magana ce daban, wato miƙa wa hukuma hujja.

A kotunan tarayyar Amurka, lauyan wanda ake tuhuma ne kan fara tuntuɓar mai gabatar da ƙara. A zauna, mutumin ya zayyana abin da ya sani, a auna ko yana da amfani, sannan a sa hannu a yarjejeniya. Yawanci sai ya amsa laifinsa. Bayan ya ba da shaida, gwamnati ce ke neman sassauci a ƙarƙashin sashe na 5K1.1 na ƙa'idojin yanke hukunci, alƙali kuma shi ke da ta cewa. Idan aka kama mai shaidar da ƙarya ko ɓoye wani abu, yarjejeniyar ta wargaje, ga shi ya riga ya amsa laifi.

Sammy Gravano ne misalin da aka fi kawowa. A 1992 ya ba da shaida a kan ubangidansa John Gotti, shugaban gungun masu aikata manyan laifuka na Gambino a New York. Ya amsa yana da hannu a kisan mutum 19, amma shekara 5 aka yanke masa, Gotti kuwa ya sha ɗaurin rai da rai. Irin wannan rangwame ne ke sa lauyoyin kariya cewa an sayi shaidar, kuma ba laifinsu. A shari'ar Giglio ta 1972, Kotun Ƙolin Amurka ta sa a sake shari'a saboda an ɓoye wa masu taya alƙali yanke hukunci alkawarin da aka yi wa mai shaida.

A hira ta yau da kullum Amurkawa sun fi cewa "he flipped". "Snitch" da "rat" zagi ne, kada ka sa su a rahoto ko takardar makaranta. Jaridun Birtaniya na kiran wanda ya tona asirin mutane da yawa "supergrass".