Lambobin marasa lafiyata ya kwashe, bai ce uffan a zauren ba

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen masu ciwon sukari, kuma ni na buɗe wa marasa lafiyarmu zauren WhatsApp, don 'yan mintunan ranar ganin likita ba sa isa a koya wa mutum komai. Abin ya karɓu. Da saƙon murya muke bayanin duba ƙafa kullum, nesanta insulin (maganin sukari da ake yi ta allura) daga zafi, da abin yi idan na'urar gwajin sukari ta nuna ƙasa da 70. Waɗanda suka daɗe da ciwon kuwa sun fi ni iya kwantar wa sababbi hankali.

Idona duk yana kan abin da ake turowa ciki. Ba talla, ba hoton takardar gwaji mai ɗauke da suna. Saƙo mai kibiya biyu, alamar ya sha yawo, ina gani nake gogewa, tunda daga 2022 admin na iya goge saƙon kowa. Zaure tsaf, har yaba mu ake yi.

Ashe mugun yana ciki, shiru. Ya samu link ɗin shiga, ya zauna, ya kwashe lambobi, domin a irin wannan zaure lambar kowa a buɗe take ga kowa. Sai ya riƙa bin mutane ɗaya bayan ɗaya yana cewa daga zauren asibiti yake, yana da maganin da ke raba mutum da sukari har abada, amma sai an ajiye allura kafin ya kama jiki.

Wata yarinya mai ciwon sukari nau'i na 1 ta ajiye allurarta. Mai wannan nau'in jikinsa ya daina samar da insulin. In aka yanke allura sai jiki ya koma ƙona kitse, asid ya taru a jini. Haka aka kawo ta sashen gaggawa tana amai, tana jan numfashi da ƙarfi. Allah ya yi da sauran kwananta. Mahaifiyarta ta dube ni ta ce, "Sista, ai mun ɗauka ku kuka turo shi."

Wannan maganar har yau tana cina. Da yardar da muka sha wahala muka gina ya yi cinikinsa. Da baƙo ne kawai ya kira su, da ba su saurare shi ba.

Na soke link ɗin, na kunna tsarin da sai admin ya amince a shiga, kuma ba na amincewa sai lambar da ke cikin rajistarmu. Kowane mako da muryata nake maimaitawa: babu wani daga cikinmu da zai bi ku ta gefe da magani, kuma kada a dakatar da allura ko ƙwaya sai da likita. Abokan aiki sun ce mu koma Channel, wato shafin sanarwa na WhatsApp, wanda ya fito a 2023, tunda yana ɓoye lambobin mabiya. Na buɗe shi don sanarwa, amma ban rufe zauren ba, don a Channel marasa lafiya ba sa hira da juna, hirar kuwa ita ce rabin amfanin. Sai dai ga masu HIV ko ciwon ƙwaƙwalwa ba zan buɗe zaure ba ko an roƙe ni. Jerin mambobin kaɗai ya isa tonon asiri.

Abin haushin, da na bincika, mutane da yawa ya tuntuɓa, babu wanda ya faɗa mini, kowa na zaton na sani. Yanzu duk wanda ya zo, bayan na duba ƙafarsa, sai na tambaya ko wani ya kira shi da sunanmu.