Yadda na tayar da gem ɗin yarintarmu

Ranar da muka je kwashe kayan tsohon ɗakinmu a Fagge, a ƙasan wani akwatin ƙarfe na ci karo da shi, naɗe cikin tsohon zanin Inna. Gem ɗin da Yaya ya sayo mana ne a kasuwar Sabon Gari ina aji biyar na firamare. Fari da ja, ya sha ƙura. Mu Famili Kom muke ce masa. Sai da na girma na san kwaikwayon Famicom ne, wanda kamfanin Nintendo ya fitar a Japan a 1983. Kaset uku na tarar tare da shi, har da mai ruwan ɗorawar nan da aka rubuta wasa 9999 a jiki, alhali in ka ƙirga da kyar su kai goma, sauran duk maimaici ne.

Ɗokin in nuna wa ɗana shi ya ja mini asarar farko. Adaftarsa ta ɓata tun tuni, sai na lalubo wata a gida da bakinta ya shiga daidai, na jona. Ko minti ɗaya ba a yi ba na ji ƙauri. Mai gyara ya buɗe ya girgiza kai.

"Yallaɓai, shigar baki ba ita ce dacewa ba. Irin wannan gem tsakiyar bakinsa nagatif ne, taka kuwa fozitif ce."

Allah ya taƙaita, ya canza ɗan ƙarfen nan mai ƙafa uku da ke sauke wuta zuwa bolt 5, gem ya dawo. Da ya ga na ɗauki kaset na kai baki zan hura, yadda muka saba, sai ya karɓe. Ya ce damshin baki tsatsa yake sa wa haƙoran kaset, su 60 ne kuma kowane sai ya taɓa. Audugar kunne ya tsoma a sifirit ya goge, ta fito baƙi ƙirin. Ashe duk hure-huren da muka yi shekara da shekaru, cirewa da mayarwar ce ke aiki.

Wasan harbin agwagwa, Duck Hunt, shi ya fi wahalar da ni. Na ɗora bindigar gem ɗin a jikin gilashin sabuwar talabijin ma, ban sami ko ɗaya ba, karen nan sai leƙowa yake daga ciyawa yana mini dariya. Bindigar ba ta harba komai, ido gare ta. Da ka ja kunama sai allon ya yi baƙi na ƙiftawar ido, a sa farin akwati inda agwagwar take, in idon ya ga farin an ce ka samu. Talabijin ta zamani tana ɗan jinkiri kafin ta nuna hoto, kafin farin ya bayyana bindigar ta gama dubawa. Dole na aro tsohuwar talabijin mai ƙusumbi a wurin maƙwabci, mu biyu muka kinkimo ta. Harbin farko agwagwa ta faɗo.

Yatsuna kuwa ba su manta ba. A wasan Contra na danna sama sama, ƙasa ƙasa, hagu dama, hagu dama, B, A, sai ga rai 30. Ɗana ya kalle ni kamar na yi tsatsuba.

Na sa masa Super Mario Bros. na 1985, na nuna masa yadda ake bi ta saman bulo a zango na biyu a faɗa bututun da ke kai mutum duniya ta huɗu. Yana isa aka ɗauke wuta.

"Abba, ka yi sebin kuwa?"

Na ce masa wannan ba ya ajiye komai, in an kawo wuta daga farko za a faro. Ya yi shiru, sannan ya jawo kujera kusa da soket ya zauna da hannun gem ɗin a cinya.