Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Cefane a Titin 26

Makon jiya mun tsaya a kan zama a Little Village, unguwar 'yan Meziko da ke kudu maso yammacin Shikago. Yau zan ajiye labarina a gefe, mu shiga shagon unguwa, domin duk Bahaushen da ya sauka a irin wannan unguwa, tukunyarsa a hannun shagon nan take.

Irin shagunan da ke jere a titin 26 yawanci biyu ne a haɗe: gefe ɗaya gidan burodi, suna ce masa panadería, ɗaya gefen kayan miya da nama. A gidan burodin ba a tsayawa jiran mai shago. Daga bakin ƙofa za ka ga farantan ƙarfe a jibge da matsefin ɗaukar burodi a rataye. Ka ɗauki faranti ɗaya da matsefi ɗaya, ka buɗe gilashin, ka zaɓa da kanka, ka kai wa matar da ke kan kanta ta ƙirga ta zuba a jakar takarda. Kada ka sa hannu, ko da burodin da za ka saya ne.

Burodin yau da kullum shi ne bolillo, tsawonsa kamar tafin hannu, bakinsa biyu a tsuke, an tsaga bayansa, ɓawonsa na ƙaras-ƙaras. Da sassafe ake fito da shi da zafinsa, kuma na yini ɗaya ne. In ka ƙulle shi a leda yana da ɗumi, tururi zai jiƙa ɓawon ya koma kamar roba; in ya kwana a takarda kuma ya bushe. Wanda ya saya da yawa ya sa a firiza, ranar ci ya yayyafa masa ruwa ya sa a oven minti 5.

Inda ake bukatar natsuwa shi ne burodin zaƙi, musamman concha, mai lulluɓin sukari da aka zana kamar bawon kumba. Kalma ɗaya za ka haddace: manteca. A bakin ɗan Meziko, in an ce manteca kawai, galibi kitsen alade ake nufi. Manteca vegetal na tsiro ne, mantequilla kuma man shanu. Wani gidan da kitsen alade yake kwaɓi, wani da na tsiro, kuma ido ba ya bambancewa. Sai a tambaya: "Señora, ¿tiene manteca de puerco?", wato "Baiwar Allah, akwai kitsen alade a ciki?" In mai kanta ta yi jim, a roƙe ta ta leƙa ciki ta tambayi mai gashi, shi ya san abin da ya zuba. Sukarin saman ma da kitse ake murza shi, don haka a tambaya har da shi. Kek ɗin da aka rubuta wa envinado an jiƙa shi da giya, gelatina kuma sau da yawa daga alade ake samo sinadarin da ke daskarar da ita. Waɗannan biyu a wuce su.

Haka abin yake a wajen tortiya, gurasarsu mai faɗi marar kauri. Ta masara masara ce da ruwa da wani farin gari da suke kira cal, wanda ake dafa ƙwayar da shi har dusarta ta saki, kusan aikin da toka ko kanwa ke yi a wajenmu. Ta alkama ita ce ake sa wa kitse, sai an karanta bayan leda. Ɗanyen ƙullin da ake aunawa a fam shi ma iri biyu ne: masa preparada an riga an haɗa shi da kitse don tamales (ƙullin da ake naɗewa a ganye a turara kamar alale), wanda ba a haɗa ba shi ne naka. Garin masarar da ake sayarwa da sunan Maseca yana tuƙuwa, amma ba tuwon masarar gida zai ba ka ba. Ƙamshin cal yana nan, kuma yana saurin yin gudaji in ba a fara dama shi da ruwan sanyi ba.

Ɗaya gefen ne ke sa zuciya ta yi sanyi. Abin da suke kira jamaica, ana furta shi hamaika, zoɓo ne, kuma Meziko na daga manyan masu sayen zoɓon Najeriya, har da na Jigawa da Kano. Ba mamaki wanda ke cikin kwandon nan daga gonarmu ya fito. A zaɓi mai duhun ja, a wanke sau biyu saboda yashi, kofi 1 ga ruwa kofi 8, tafasa minti 10. In ya daɗe a wuta sai ya yi bauri. Kusa da shi ga tamarindo, tsamiya ce da ɓawonta. Ga piloncillo, mazarƙwaila ce sak, sai dai an zuba ta a siffar mazurari. Tana da taurin gaske, a kankare ta da wuƙa ko a jiƙa a ruwan zafi. Yuca rogo, camote dankali, cacahuate gyaɗa.

Barkono kuma a bi a hankali. Habanero shi ne madadin attaruhu, biyu sun ishi tukunyar mutum shida. Chile de árbol busasshe ya fi dacewa da dakan yaji. Guajillo launi yake bayarwa fiye da zafi, in an jiƙa shi minti 15 aka markaɗa, yana tsaya wa tattasai.

Teburin nama akwai akuya da tumbi da ƙafar sa, masu kyau kuwa, amma ba yankan Musulunci ba ne, kuma wuƙa da injin niƙa ɗaya ne da na alade. Nama sai an hau mota zuwa titin Devon, wajen mahautan halal. Can za mu nufa mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.