Yadda nake zaɓen muline mai araha don fatsa a kogin Yamai

Duk muline mai araha da na riƙe, wato injin naɗe zaren da ake ɗaura wa sandar fatsa, birkinsa nake fara dubawa, wato abin da ke sakin zare a hankali idan kifi ya ja da ƙarfi. Lambar boris, wato yawan ƴan ƙwallayen ƙarfen da ke sa injin juyawa sumul, da ake bugawa ɓaro-ɓaro a kwali ba ta dame ni ba. Za ka ga an rubuta 12+1 a kan wanda ba a san masana'antarsa ba, alhali Shimano Sienna 3+1 ne kawai, kuma ya fi shi santsi nesa ba kusa ba. Boris huɗu masu kyau sun fi goma sha uku na ƙarfen banza, waɗanda jan ruwan damina ke sa su tsatsa kafin kaka.

Maganar girma ba ta da tsawo. Karfasa da kurungu, lamba 2500 ta wadatar. Tarwaɗa da matsakaicin giwan ruwa, 4000 nake ɗauka: kwarkwaronsa na cin kusan mita 180 na nailan mai kaurin milimita 0.30, giyarsa 5.2:1, wato juyi ɗaya na hannu ya naɗa zare sau biyar da ɗoriya. Babban giwan ruwa kam sai 6000.

Ga yadda nake gwada birki a gaban mai shago. Nakan naɗa zare kaɗan, in matse murfin gaba, in ja da hannu a hankali. Mai kyau zai sako zaren sumul. Mara kyau sai ya cije, ya saki, ya sake cijewa, kuma a wannan cijewar zare ke tsinkewa idan kifi ya fizga. Galibi fayafayan da ke cikin kwarkwaro ne suka bushe ko ba su daidaita ba. Mai birki a gaba ya fi mai birki a baya, don fayafayansa sun fi faɗi. A gida sai in rataya gorar ruwa ta lita ɗaya da rabi a bakin zaren, in saita birkin har ya fara sakin gorar sannu a hankali. Kilo ɗaya da rabi ke nan, wajen kashi ɗaya cikin huɗu na nauyin da nailan 0.30 ke ɗauka.

Sai ƴar tayar da zare ke bi ta kanta. Goga mata tsinke ka gani: idan ba ta juya ba, ajiye shi, don za ta murɗe zaren har ya riƙa ƙullewa a kowace jifa. Ka kuma girgiza hannun da ake juya muline da shi. In yana kwal-kwal tun yana sabo, haƙoran giya ba za su daɗe ba. Kwarkwaro na alminiyam nake so, na roba bakinsa kan yi zazzaɓe ya ci zare. Jabu kuwa sun yi yawa, suna a jiki bai isa shaida ba.

Zare kada ya cika maƙil, a bar milimita biyu zuwa baki. Kuma idan kifi na jan zare birki na kuka, daina juya hannu, murɗa zaren kawai kake yi.

A nan ƙurar hunturu da yashin bakin kogi su ke kashe muline, shi ya sa ba na ajiye shi a ƙasa, ba na kuma tsoma shi cikin ruwa. In na dawo sai in goge da ɗanyen tsumma, in ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a ƴar tayar da gindin hannu, in sassauta birki don kada fayafayan su danne. Giris kuwa sau ɗaya a shekara ya isa, bayan damina.