Adele cikin zinariya, Paula da reshen kameliya

Na daɗe ina ajiye da hotunan wasu zane-zane guda biyu a kwamfutata, kuma duk sanda na buɗe su kafaɗa da kafaɗa sai in ji kamar gardama suke yi, ko da yake kusan lokaci ɗaya aka yi su. Na farko shi ne na Adele Bloch-Bauer, wanda Gustav Klimt ya kammala a Viyana, babban birnin Ostiriya, a 1907. Na biyu kuwa Bajamushiya Paula Modersohn-Becker ce ta zana kanta da reshen kameliya, wata shuka mai fure, a gaban ƙirjinta.

Mijin Adele, attajiri mai masana'antar sukari, shi ya ba Klimt aikin. A 1903 Klimt ya ziyarci Rabenna a Italiya, inda ya ga surar sarauniya Tiyodora a bangon cocin San Vitale, an jera ta da ƙananan duwatsu da gilasai masu ruwan zinariya, kuma abin da ya gani can shi ya kwaso ya zuba wa Adele. Ya lulluɓe allon da ganyen zinariya da azurfa, har mutum bai iya tantance inda rigarta ta ƙare da inda kujera ta fara. A jikin rigar akwai idanu irin na tsohuwar Masar, da siffofi masu kusurwa uku, da harufan farko na sunanta. Salon alamtawa ke nan, inda mai zane ba ya fitowa fili da maganarsa, sai ya ɗora ta a kan alama ya bar mai kallo da warwara.

Amma in na ƙara girman hoton, idona ba ya wuce hannuwanta. Ta harɗe su kusa da haɓa, ta lanƙwasa wuyan hannu ɗaya ta wata irin hanya, kuma an ce wani yatsa mai lahani take ɓoyewa. A nan kaɗai nake jin na gamu da matar. Saura duk dukiyar miji ce da gwanintar Klimt. Da 'yan Nazi suka ƙwace kayan iyalin, waɗanda Yahudawa ne, aka rataye zanen a gidan tarihi na Belvedere da ke Viyana aka sauya masa suna zuwa mace cikin zinariya, kuma a ganina zanen da kansa ya sauƙaƙa musu wannan shafewar. Sai a 2006 aka mayar wa magada, aka sayar da shi dala miliyan 135.

Paula ma daga tsohon abu ta ɗebo. A gidan tarihi na Louvre da ke Faris ta ga fuskokin Fayum, waɗanda ake zanawa a katako a ɗora kan gawa a Masar zamanin Rumawa, sai ta zaɓi siririn allo kamar nasu. Ta jefa fuskarta cikin inuwa, ta dusashe launin fatar, ta ƙara wa idanun girma fiye da na kowane ɗan Adam, ta bar haske a bayanta. Ba ta damu da kama ba, balle kyau, domin masu salon bayyana abin da ke zuci sun yarda a karkatar da siffa muddin hakan zai fito da halin da mutum yake ciki. Babu attajirin da ya biya ta, saboda haka babu wanda za ta faranta wa.

Ta rasu a Nuwamban 1907 tana da shekara 31, ƙasa da mako uku bayan ta haifi 'yarta, shi ya sa mutane da dama suke cewa ajalinta ta hango ta zana. Ban yarda da wannan fassara ba. Ganyen kameliya ba ya kaɗewa ko a tsakiyar hunturu, kuma idan aka lura da bakinta za a ga ɗan murmushi a gefensa.